Bayan An Kwance Zare: Juriyar Ɗan Dambe da Haƙƙin da Ke Kan 'Yan Kallo

A daren 22 ga Janairu, 2022, a garin Anaheim na ƙasar Amurka, Francis Ngannou, mutumin Kamaru, ya shiga fage domin kare kambunsa na ajin masu nauyi a ƙarƙashin kamfanin UFC. Wasan da yake yi shi ne wanda za a iya kira damben gauraye, wato faɗan da ya tattara naushi da shuri da kokawa da maƙura wuri guda, ana yin sa a cikin keji. Makonni kaɗan kafin wannan dare ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye, jijiya ɗaya ta tsinke, wata kuma ta taɓu, har likita ya gargaɗe shi a kan shiga wasan. Bai janye ba. Abokin karawarsa, Ciryl Gane na Faransa, ya fi shi zafin nama a turmi biyu na farko. Daga turmi na uku sai Ngannou, wanda duniya ta sani da nauyin hannu, ya koma kokawa, yana ɗaga Gane yana nana shi da ƙasa, har aka tashi alƙalai suka ba shi nasara.

Labarin ya fi armashi ga wanda ya san inda mutumin ya fito. An haife shi a 1986 a ƙauyen Batié, ya fara aikin haƙar yashi yana ɗan kimanin shekara 10. A 2012 ya bar gida, ya ratsa Nijeriya da Nijar da Aljeriya har Maroko, hanyar da 'yan ci-ranin ƙasar Hausa suka san azabarta. Da ya tsallaka ruwa zuwa Sifaniya aka tsare shi wata 2, sannan ya isa birnin Faris a 2013, inda ya yi ta kwana a wurin ajiye motoci kafin ya sami mai koya masa wasa. Ya ci kambun duniya a watan Maris na 2021. A watan Afrilun 2024 ɗansa Kobe ya rasu yana da wata 15 a duniya, makonni kaɗan bayan Anthony Joshua ya sumar da shi a damben zamani a birnin Riyad. A watan Oktoba na wannan shekarar ya koma keji, ya gama da Renan Ferreira na Barazil tun a turmin farko, ya tsaya yana hawaye yana ambaton yaron.

Duk wanda ya tashi a yammacin Zamfara, tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci wannan labari. Ya san namijin da ke shiga fage da ciwo a jiki da baƙin ciki a zuciya, ya san kuma irin sowar da ake yi masa. Abin da ya dace a tsaya a kansa shi ne rabin labarin da ba a cika bayarwa ba. Bayan wasan Anaheim an yi wa Ngannou tiyata a gwiwa, ya shafe wata 21 bai sake karawa da kowa ba. Da ya rabu da UFC a farkon 2023, cikin abubuwan da ya ce ya nema aka hana shi har da inshorar lafiya ga 'yan wasa. Mutumin da ake buga misali da taurin zuciyarsa shi ne kuma ya tsaya kai da fata a kan cewa taurin zuciya ba ya ɗora karaya. Ɗan damben Zamfara yana da zuciyar, kuma tuni aka yi mata waƙa. Abin da ya rasa shi ne duk sauran abubuwan da ke sa mai zuciya ya tsufa da ƙafafunsa da hankalinsa.

Damben da, da abin da ke tallafe da shi

Dambe a ƙasar Hausa an san shi da mahauta, musamman rundawa, kuma lokacinsa kaka. In an yi girbi, an cika rumbuna, kuɗi sun shigo hannun manoma, sai 'yan dambe su bi garuruwa da makaɗansu, a yanka dabbobi a sayar da nama, da yamma a buɗe fage. Ɗan wasa yana naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle, a bi shi da kara har ya yi tauri, ɗaya hannun kuma ya miƙe shi a buɗe yana kare kai da shi. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Wannan kalma ta kisa tana firgita baƙo, amma dokar da ke bayanta tana da sauƙi da jinƙai fiye da ta keji, inda ake bin wanda ya faɗi a ci gaba da dukansa har sai alƙali ya shiga tsakani.

Yankin da ya zama Jihar Zamfara a 1996, tare da maƙwabtansa na Sakkwato, yana cikin wuraren da wannan wasa ya fi yin suna. Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya ɗauki Shago ya kai shi kunnen kowane Bahaushe, har sunan ya zama laƙabi: yau yaron kowane babban ɗan dambe ana ce masa Shagon wane. Karawarsa da Ɗandunawa har yanzu ana ba da labarinta kamar jiya aka yi. Ƙasar waƙa ce dama. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, asalinsa ƙasar Bakura ne, ya yi suna da Maradun, Sa'idu Faru ma daga ƙasar Maradun ya fito. Su makaɗan fada ne, amma kunnen da ya saba da su shi ne ya karɓi kiɗan dambe, ya san darajar kirari.

Abin da masu nazari ba su cika lura da shi ba shi ne cewa wancan tsohon tsari yana ɗauke da kariyarsa a cikinsa, ko da babu wanda ya zauna ya rubuta ta. Kariya ta farko ita ce damina. Da ruwa ya sauka fage ya tashi, kowa ya koma gona. Wanda ya sha duka a kai da kaka ko da rani yana da watanni huɗu ko biyar da babu mai taɓa masa fuska. Ƙashin da ya tsage ya haɗe, kumburi ya sace, kan da ya girgiza ya natsa. Babu likitan da ya ba da wannan hutu, kalandar noma ce ta ba da shi, kuma ya fi tsawon hutun da hukumomin wasa na Amurka ke tilasta wa wanda aka sumar, wanda yakan kama daga kwana 30 zuwa 60 ko fiye. Kariya ta biyu ita ce sana'a. Ɗan dambe mahauci ne ko manomi kafin ya zama ɗan dambe, saboda haka in ya ce yau ba zai sa zare ba, ba a kwana da yunwa a gidansa. Akwai kuma ubangida, wanda ya koya masa wasa, wanda ke da bakin da zai hana shi fita, da al'adar ajo, wato wasan da ake shiryawa domin tara wa ɗan wasa kuɗi idan wata hidima ta taso masa ko ya ajiye zare.

A kan waɗannan ginshiƙai juriyar Shago da tsararrakinsa ta tsaya. Waƙa ba ta ambace su ba domin ba su da daɗin rerawa, kuma ba a ga ranar da za a rasa su ba.

Yadda ginshiƙan suka zube

Garuruwan nan uku ruwa ɗaya ya ɗaure su. Madatsar Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, ita ke shayar da filayen noman rani na Mafara da Bakura da Maradun. Ba a manta da yadda aikin ya soma ba: a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu, hukuma ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Duk da wannan tabo, shinkafar Bakolori da kayan lambunta sun ba matasan yankin abin yi da rani shekaru da dama. Daga garuruwan nan uku kuma aka fitar da gwamnoni uku na jihar: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Mafara daga 2011 zuwa 2019, da Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ba yanki ba ne da za a ce ba shi da masu faɗa a ji.

Sai ga masifar 'yan bindiga. Shekarar 2021 kaɗai ta isa misali. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 daga makarantar Kaya a Maradun. Cikin matakan da gwamnati ta ɗauka a lokacin har da rufe kasuwannin mako, da hana safarar dabbobi, da katse layukan waya. Ko mene ne amfanin waɗannan matakai ta fuskar tsaro, ana iya kwatanta halin da mahauci ya shiga a garin da sunansa ma daga kasuwar Talata ya samo asali, a ce babu kasuwa, babu dabbar da za ta shigo. Manomi kuma ya ga gonarsa ta nesa da gari ta gagare shi, ko sai ya biya kuɗi kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe.

A daidai wannan zamani ne dambe ya gama komawa sana'ar birni. Gidajen dambe na dindindin, irin na dandalin Ado Bayero a Sabon Garin Kano, da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da na Maraba a Jihar Nasarawa, ba su san damina ba. Ana karɓar kuɗin ƙofa, ana raba 'yan wasa jam'iyya uku, Kudu da Arewa da Guramada, ana sa zare mako bayan mako, wani lokaci safe da yamma. Ana sa gasar babur ko ta mota. Ga kuma masu ɗaukar bidiyo, irin su Dambe Warriors da African Warriors Fighting Championship, waɗanda suka kai wasan YouTube har mutanen ƙasashen waje suka san shi. Wannan bunƙasa ce ta gaske, kuma babu dalilin yin baƙin ciki da ita. Amma a haɗa hotunan biyu: saurayin da gona ta gagara, fawa ta tsaya, iyayensa sun yi gudun hijira zuwa cikin gari, sai ga fagen da ba ya rufewa kuma yana biya a take. Wannan saurayi ba shi da damina, ba shi da sana'ar komawa, ubangidansa kuma sau da yawa shi ma daga wasan yaron yake ci. Kirarin kaɗai ya gada cikakke.

Abin da duka ke yi wa jiki

A ɗauki misalin irin wannan saurayi, ba sai an sa masa suna ba. An buge shi ranar Juma'a da yamma, ya faɗi, ya tashi yana layi, aka zuba masa ruwa a ka, aka yi dariya. Daren nan kansa na sarawa, haske na damun idonsa, ya yi amai sau ɗaya. Ranar Lahadi da safe makaɗi ya kama sunansa, ya zuga shi da sunan kakanninsa, masoya suka fara liƙi. A gida kuma an aiko cewa ana neman kuɗin fansar wani ɗan'uwa, ko kuɗin haya, ko na awo. Zai fita. Kowa zai ce namiji ne.

Abin da ya same shi ranar Juma'a girgizar ƙwaƙwalwa ce. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai, idan aka doki haɓa ko gefen kai da ƙarfi sai kan ya juya da sauri, ita kuma ta bugu da ƙashi. Tana buƙatar kwanaki, wani lokaci makonni, kafin ta dawo daidai, kuma a tsakanin nan duka na biyu, ko da bai kai na farko ba, yana iya jawo kumburin da ke kisa na gaskiya. Akwai kuma zubar jini a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, wanda ke barin mutum ya yi magana, ya ci abinci, ya kwanta, sannan a kasa tashinsa. Irin wannan mutuwa a ƙauye ba a danganta ta da fage. A ce kwana ne ya ƙare, ko a ce jifa aka yi masa. Kwana kam ya ƙare, amma jinin da ya taru ana iya gano shi da hoton kai, ana kuma iya zuƙe shi idan an isa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da wuri, inda ake da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa.

Wanda ya tsira daga wannan yana da sauran bashi a gaba. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana ciwon da ke kama tsofaffin 'yan dambe: rawar hannu, nauyin harshe, jan ƙafa, mantuwa da saurin fushi. Dukan da aka tara shekara da shekaru ne ke fitowa. Muhammad Ali, wanda aka tabbatar yana da ciwon makyarkyata a 1984, ya rayu da shi a gaban idon duniya har 2016, kuma shi yana da dukiya da likitoci. Sauran raunukan sun fi bayyana: karayar ƙashin tafin hannu da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, gocewar yatsun hannun da ake karewa da shi, tsagewar muƙamuƙi, fashewar dodon kunne, da ɓallewar tantanin bayan ido, wadda ke makantarwa idan ba a yi aikinta cikin gaggawa ba. Maɗori na gargajiya yana da gwanintarsa a karaya mai sauƙi, kuma shi ne mafi kusa da talaka, amma ƙashin da ya haɗe a karkace a hannun mahauci ya taɓa dambensa ya taɓa wuƙarsa. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan, sai dai kuɗin mota da na aiki ba sa cikin abin da ake ba ɗan wasa a ƙofa.

Ga kuma abin da ake sha domin kashe zafi. Tsaga da laya da sauran shirin tauri tsofaffin abubuwa ne a dambe, kuma illarsu ba ta kai ta ƙwayoyin zamani irin su taramol ba. Zafi ɗan aike ne, shi ke gaya wa mutum ya tsaya. Wanda ya toshe bakin ɗan aiken ya shiga fage da karyayyen hannu bai ƙara jarunta ba, ya dai ƙara wa maɗori aiki.

Harshen fage ba shi da kalmar janyewa

A nan ne lamarin ya shafi masu nazarin harshe da adabi kai tsaye. Wanda ya bibiyi kirarin 'yan dambe da waƙoƙinsu zai tarar da dukiya mai yawa ta kalmomin ƙarfi da kisa da rashin tsoro: ana kwatanta ɗan wasa da namun dawa, da aradu, da annoba, da maƙabarta. Zai kuma tarar da zambo mai zafi ga rago da matsoraci. Abin da zai sha wuya kafin ya samu shi ne kalmar yabo ga wanda ya ce jikinsa bai ba shi ba, ya zauna. A harshen fage, janyewa da gudu kalma ɗaya ce. Alhali Hausar yau da kullum ta bambanta su sarai. Ta san juriya, ta san haƙuri, ta san dauriya, ta kuma san ganganci da ƙarfin hali da kasada, ba ta taɓa ɗaukar su abu guda ba. Ita ce ma ta ce jiki magayi. Fage ne ya zaɓi rabin ƙamus ya bar rabi, domin rabin da ya zaɓa shi ke tara jama'a.

Ba laifin makaɗi ba ne shi kaɗai. Zuga aikinsa ne, kuma a zamanin da damina ke raba faɗa zugar ba ta da haɗarin da take da shi yau. Amma makaɗi yana da ikon da likita ba shi da shi. Idan kalangu ya kama sunan wanda aka sumar shekaranjiya, babu takardar asibitin da za ta zaunar da shi. Idan kuma makaɗan suka yarda a tsakaninsu cewa wanda aka sumar ba a kiɗa masa sai ya cika kwanakinsa, to an sami dokar da ta fi ta gwamnati kaifi.

Za a sami masu cewa wannan duk shigo-da-shi ne na Turawa, wai in aka sa likita da awon nauyi da robar kare haƙori an kashe dambe an bar sunansa. Wannan magana tana da ɗan gaskiya, domin akwai gyaran da ke ɓata abu. Ƙaramin ɗan wasa ya kashe ƙato yana cikin abin da ke sa a cika fage, kuma safar hannu irin ta damben zamani za ta mai da wasan wani abu dabam. Amma dambe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. An daina abubuwa da dama da magabata suka yi, kamar ɗaura ƙarfe a ƙafa da cusa abin yanka a cikin kara, kuma ba wanda ya ce wasan ya mutu. Damben gauraye ma da aka fara gasar UFC a 1993 a birnin Denver babu ajin nauyi, dokoki kaɗan ne, har 'yan siyasar Amurka suka taso a hana shi. Dokokin da aka shigo da su daga baya su suka cece shi, suka kai shi inda Ngannou da Kamaru Usman da Israel Adesanya suka ci abinci a cikinsa. Damben zamani ya rage turmin gasar duniya daga 15 zuwa 12 bayan mutuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a 1982. Ko da dokokin, haɗari bai ƙare ba: a watan Maris na 2025 ɗan damben Nijeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi a fage a birnin Akara, ya rasu. Idan haka ta faru a inda ake da takardu da likita, ina ga inda babu ko littafin sunaye?

Akwai kuma masu ganin a hana wasan baki ɗaya, wasu saboda dalilin addini game da dukan fuska, wasu saboda shaye-shaye da caca da ke raɓar gidajen dambe. Damuwarsu abar saurare ce. Sai dai hana fage a Mafara ba ya hana ɗan Mafara dambe, yana tura shi ne Dei-Dei ko Legas, inda babu kawunsa, babu Sarkin Fawan garinsu, babu wanda zai ce masa ya isa haka. Maƙwabta sun gwada wata hanya. Jamhuriyar Nijar ta karɓi kokawar gargajiya ta mai da ita gasar ƙasa tun 1975, da dokoki da alƙalai da kyaututtuka daga hukuma, kuma kokawar ba ta daina zama ta Hausawa da Zabarmawa ba.

Abin da zai yiwu ba tare da jiran Abuja ba

Gyaran da ake buƙata da farko bai kai kuɗin rago ba. Littafi ne a kowane gidan dambe da kowane fagen kaka, a rubuta wanda aka buge har ya suma ko ya tashi yana layi, da ranar, a hana shi sa zare na aƙalla wata ɗaya. Tun da 'yan wasa suna yawo tsakanin garuruwa, shugabannin jam'iyyun nan uku su ne za su riƙe wannan, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa sanar da juna. Wannan maido da damina ne ta wata ƙofa. Sai ma'aikacin lafiya ɗaya a bakin fage wanda ya san alamomin haɗari, amai da barcin da ya wuce kima da bambancin girman ƙwayar ido, wanda kuma aka ba ikon tsayar da wasa ba tare da mai gida ya tsawata masa ba. Sai wani kaso ƙayyadadde daga kuɗin ƙofa da na bidiyo a ware shi domin jinya. Wannan ma ba baƙon abu ba ne, ajo ne aka ba shi asusu, aka daina jiran sai mutum ya naƙasa kafin a tuna da shi. Masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da Sarakunan Fawa, kuma ta hannunsu aka saba tsara harkar mahauta tun kafin a san ƙaramar hukuma.

Masu ɗaukar bidiyo suna da nasu kason. Faifan da ya fi samun masu kallo shi ne na mummunan kisa, inda mutum ya faɗi kamar an sare itace. Ana maimaita shi a hankali, ana sa masa kiɗa, yana kawo kuɗin talla shekara da shekaru. Wanda ya faɗin ba ya cikin lissafin. Yarjejeniyar da za ta ba ɗan wasa haƙƙi a kan hotonsa, ta kuma ɗora wa mai shirya wasa kuɗin jinyar raunin da aka ji a gaban kyamararsa, ita ce irin abin da Ngannou ya yi jayayya a kai da kamfani mafi ƙarfi a wannan harka. Shi yana da sunan da zai iya juya baya ya tafi. Shagon wane da ke kwana a rumfar gidan dambe ba shi da wannan, sai in an haɗa kai an nema masa.

Sassan Hausa na jami'o'i sun yi aiki mai yawa a kan waƙoƙin dambe, an rubuta kundaye a kan salon Ɗan Anace da jigoginsa da adon harshensa. Gefen da ya rage shi ne rayuwar waɗanda aka waƙe bayan kiɗa ya tsaya. A Talata Mafara akwai Jami'ar Jihar Zamfara da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, a Gusau akwai Jami'ar Tarayya, a Sakkwato akwai sashen Hausa da kwalejin likitanci a jami'a ɗaya. Ɗalibin Hausa da ɗalibin likitanci za su iya fita tare, su nemi tsofaffin 'yan dambe a rumfunan mahauta da zaurukan garuruwan nan uku. Ɗaya ya naɗi kirarin da tarihin, ɗaya ya duba ido da kunne da hannu, ya tambayi iyali yaushe mantuwa ta fara. A tambaye su turmi nawa suke yi a shekara a zamaninsu, wata nawa suke hutawa, wa ya yi jinyarsu da suka karye, da kuma wace kalma suke amfani da ita ga ɗan wasan da ubangidansa ya hana fita. Waɗanda suka ga ƙarshen zamanin Shago da idonsu sun manyanta yanzu, kuma da yawansu rikici ya riga ya raba su da ƙauyukan da za a neme su.